Gidan zamani da jar ƙasa a gefen Kano: zai yi sanyi, kuma zai jure damina?

"Salamu alaikum Injiniya. Ina da fili ƙafa 50 a 100 a gefen Kano, ta hanyar Gezawa, kuma ina shirin fara gini bayan damina in Allah ya yarda. Gidan hayar da muke ciki na bulo ne da rufin kwano, idan bazara ta kama ba ma iya barci a ɗaki sai an tayar da janareta. Na ga hotunan wasu gidaje na zamani da aka gina da jar ƙasa a Nijar, sun burge ni ƙwarai. Amma da na kawo maganar a gida, yayana ya ce wa ya taɓa samun abin hannu ya koma gidan ƙasa, uwargida kuma ta ce kullum damina sai an ji gidan ƙasa ya rufta kan mutane. Shin da gaske ana iya gina gida mai kyan gani da ƙasar wuri, ya yi sanyi, ya kuma yi ƙarko? Kuma ya fi bulo sauƙin kuɗi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa a fara a sa'a. Abubuwa uku ka haɗa a tambaya ɗaya: sanyi, ƙarko da kuɗi. Sanyi da ƙarko suna samuwa, amma da sharuɗɗa. Kuɗi kuwa kada ka sa ran ragi mai yawa irin wanda ake yaɗawa. Sannan ka gaya wa uwargida tana da gaskiya: gidajen ƙasa suna faɗuwa a watan Agusta, kuma ana asarar rayuka. Sai dai duk wanda ya je ya duba irin waɗannan gidajen bayan sun faɗi, abin da zai tarar kusan iri ɗaya ne. Ruwa ya kwanta a gindin bango saboda kwata ta toshe, ko indararo ya karye ruwan rufi yana bin jikin gini, ko an shekara biyar ba a yi yaɓe ba. Ruwa ne ke kayar da ginin ƙasa, kuma duk dabarar ginin ƙasa na zamani ita ce a raba bango da ruwa ta sama da ta ƙasa, a kashe siminti a inda ruwa ke taɓawa, a bar ƙasa ta yi aikin da ta fi siminti iyawa.

Me ya sa ɗakinka na yanzu yake zafi

Kano tana kusan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka a ƙarshen Afrilu rana tana tsayawa daidai bisa kai da tsaka, kuma zafin iska yana kaiwa digiri 40 na Salshiyas. Kwanon da ke shan wannan ranar yana haura digiri 60. A mafi yawan gidajen haya, tsakanin wannan kwano da kanka babu komai sai silin mai kaurin ɗan yatsa da iska mai zafi da aka kulle ba ta da mafita. Bulon inci 6 ko 9 kuma rami ne a cikinsa, jikinsa siriri ne, zafin yamma yana ratsa shi cikin 'yan sa'o'i. Ka ga zafin da kake fama da shi ya fi zuwa daga rufi da bangon yamma. Wannan yana da muhimmanci, domin idan ka yi bangon ƙasa mai kauri ka ɗora masa irin wannan rufin, ka yi rabin aiki ne kawai.

Shi bangon ƙasa mai kauri jinkirta zafi yake yi. Kamar tukunyar ƙasa ce idan ka kwatanta ta da ta ƙarfe: tana daɗewa ba ta ɗau zafi ba, in ta ɗauka kuma tana daɗewa ba ta huce ba. Bango mai kaurin santimita 30 zuwa 40 yana riƙe zafin rana wajen awa 8 zuwa 12 kafin ya iso ciki, lokacin dare ya yi, iskar waje ta sauko, sai a buɗe tagogi ta kwashe shi. A ƙasarmu da rani tazarar zafin rana da na dare takan kai digiri 15 ko fiye, abin da ya sa wannan dabarar take aiki a Kano da Katsina da Damagaram fiye da yadda za ta yi a Legas.

Maginanmu na da sun san wannan ba tare da sun auna ba. Suna mulmula tubali da hannu, su shanya, su jera shi tsini a sama, bango ya yi faɗi a gindi yana tsukewa zuwa sama. Rufin soro azara ce ta giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, a shimfiɗa zana, a zuba ƙasa. Da yake azara ba ta ɗaukar nauyi idan tazarar ta wuce kimanin mita 2, sai suka ƙware a bakan gizo da ɗaurin guga, wato bakunan ƙasa masu azara a ciki da ke ɗauke rufi, don su sami manyan ɗakuna. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wajajen 1830 zuwa 1840 shi ne shaidar inda wannan ƙwarewa ta kai. Maganin ruwa kuma suna da shi: makuba daga ɓawon ɗorawa, da laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Raunin irin wannan gini ɗaya ne, yana son kulawa duk shekara. Da can akwai gayya da lokaci da magina a kowace unguwa. Ma'aikacin da ke fita da safe ya dawo da magariba ba shi da wannan, kuma ni ba zan ba ka shawarar ka koma tubali zalla ba.

Gidajen da ka gani a hotunan Nijar wani abu ne daban. Wataƙila na Niamey 2000 ne, rukunin gidaje shida masu hawa ɗaya a sama da aka kammala a 2016 a Yamai, waɗanda Mariam Kamara, mai zanen gine-gine 'yar Nijar, da abokan aikinta suka zana, ko kuma masallaci da ɗakin karatu na Dandaji a jihar Tawa da aka gama a 2018. Duka da bulon jar ƙasa aka yi su, wanda ake matsewa a inji bayan an zuba masa siminti kaɗan. Injin ma ba sabon abu ba ne, tun shekarun 1950 aka ƙirƙiro na hannu a Kolombiya, kuma a Najeriya cibiyar binciken gini da hanyoyi ta ƙasa, NBRRI, ta daɗe tana ƙera irinsa.

Fara da filin kafin zane

Tunda sai bayan damina za ka fara, kana da damar da mutane da yawa suke watsarwa. Ran da aka yi ruwa mai ƙarfi, ka sa takalmin roba ka je filin ana tsagaitawa. Ka ga ta ina ruwa ke shigowa, ina yake kwanciya, ta ina yake fita, kuma titin da za a yi gaba zai fi filin tudu ko a'a. Abin da ka gani ran nan shi zai faɗa maka tsayin da za a ɗaga gindin gida. Idan akwai itace a filin, ɗorawa ko tsamiya ko darbejiya, kada leburori su sare shi don "a share wuri". A zana gidan ya kauce masa, a bar kamar mita 5 tsakaninsa da tushen gini saboda saiwa.

Sai fuskar gida. Dogayen bangaye su kalli kudu da arewa, gajeru su kalli gabas da yamma, gwargwadon yadda kwanciyar filin ta bari. Dalili kuwa, ranar da ke bugun kudu da arewa daga sama take zuwa, leɓen rufi kaɗan ya isa ya tare ta, amma ranar la'asar a kwance take zuwa, tana shiga har ƙarƙashin gado. Saboda haka a yamma ake sa sito, banɗaki, matakala ko garejin mota, su sha ranar a madadin ɗakin kwana. (A nan mai zane ya lura da alƙibla wajen dasa masai, tun a takarda, ba sai an kafa bututu ba.) Gabas ma tana da nata: hadarinmu daga gabas yake tasowa da iska, shi ya sa idan ka zaga cikin Birni za ka ga bangon gabas ne ya fi zaizayewa. Wannan bangon a ba shi baranda ko rufi mai tsawo.

Ƙafa 50 a 100 kimanin mita 15 a 30 ke nan, ba shi da yalwa, kuma jarabar da kowa ke faɗawa ita ce a cika shi da gini a malale ragowar da intalok. Ni ina ganin tsarin zaure da tsakar gida bai tsufa ba ko kaɗan. Baƙi maza su tsaya a falon gaba mai ƙofarsa daban, iyali su sami tsakar gida mai itace da rumfa, kowane ɗaki ya sami taga biyu a bangaye mabambanta don iska ta ratsa. Ƙasar tsakar gida a bar wani sashe ba siminti, a zuba tsakuwa ko a yi shuka, domin intalok yana shan rana ya yini yana huro zafi cikin ɗakuna. Ruwan rufi kuma dukiya ce: milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita ɗaya ce, to rufi mai murabba'in mita 150 a shekarar da aka sami milimita 800 ya tara lita 120,000. Ko an cire kashi ɗaya cikin biyar na asara, abin da ya rage ya isa wanki da ban ruwan shuka na tsawon lokaci, kuma duk litar da ta shiga tanki ba ta kwanta a gindin bango ba.

Ƙasar da bulon

Ba kowace ƙasa ke yin bulo ba. Ta sama mai taki da saiwoyi a kwashe ta a ajiye don shuka. Abin da ake so yana ƙasa da rabin mita. Gwajin farko kai ma za ka iya: ka sami kwalba mai faɗin baki, ka zuba ƙasa kashi ɗaya cikin uku, ka cika da ruwa, ka sa ɗan gishiri, ka girgiza sosai ka ajiye. Tsakuwa da yashi za su kwanta cikin minti ɗaya, laushin ƙasa ya biyo baya, yumɓu kuma sai ya kwana kafin ya zauna a sama. Ka auna da rula. Ana son yashi da burji su fi yawa, yumɓu ya tsaya tsakanin kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari. In yumɓu ya yi yawa bulo zai tsattsage idan ya bushe, sai a ƙara yashi. In ya yi kaɗan ba zai kama ba. Baƙar laka irin ta fadama, mai kumbura da damina ta dare da rani, a rabu da ita. Wannan gwajin na share fage ne. Kafin a buga dubban bulo a kai samfur ɗakin gwaje-gwaje na sashen injiniya a jami'a ko kwalejin kimiyya.

Siminti kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari ake sawa, wato kusan kwanon sarki ɗaya ga kwano 12 zuwa 20 na ƙasar da aka tankaɗe. A gauraya a bushe har launi ya zama ɗaya, sannan a yayyafa ruwa. Damshin da ake so shi ne wanda idan ka dunƙula a hannu ka saki daga tsayin ƙugu, dunƙulen zai fashe gida huɗu ko biyar. In ya watse kamar gari ruwa ya yi kaɗan, in ya baje bai fashe ba ya yi yawa. Kada a kwaɓa abin da ba za a matse cikin awa ɗaya ba, siminti ba ya jira.

Inda aikin ya fi lalacewa shi ne bayan an matse. Mutanenmu sun saba tubali rana ake ba shi, sai su baza wannan ma a rana. Bulon da ke da siminti damshi yake so. A jera shi, a lulluɓe da leda, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma aƙalla mako guda, kuma kada a hau gini da shi sai ya cika kwana 28. Kai da za ka fara a bakin hunturu wannan ya fi shafa, domin iskar Disamba tana busar da bulo a wuni ɗaya, ya yi kyau a ido, amma ka murza gefensa da babban yatsa ya zube. In ya cika kwanakinsa ka ɗauki 'yan kaɗan ka tsoma a bokiti su kwana. Wanda aka yi daidai zai fito da kusurwoyinsa, ruwan kuma bai zama kunu ba.

Ƙasar da aka haƙo daga ramin tushe da na sokawe da na tanki za ta ba da wani kaso. Sauran a sayo marmara a tifa daga inda ake haƙa. Kada a buɗe rami a bayan gida. Kududdufan cikin Birni da suka zama matattarar sauro da shara daga ɗibar ƙasar gini suka samo asali.

Inda siminti ya wajaba

Tushe dutse ne ko kankare, ba sassauci. A ɗaga shi santimita 45 zuwa 60 sama da ƙasa, ko fiye idan abin da ka gani ran ruwan sama ya nuna haka, a shimfiɗa leda mai kauri ko kwalta a kansa kafin a ɗora layin farko na jar ƙasa, don damshi kada ya haura. Bangon waje a jera bulon ta tsawonsa ya ba da kusan santimita 30. Na ciki santimita 14 ya isa. A saman bango a zagaye ginin gaba ɗaya da linta mai rodi, ita ke ɗaure gidan wuri guda, kuma a jikinta ake ɗaure rufi. Banɗaki da wurin wanke-wanke a yi su da bulon siminti da tayil, ba abin kunya ba ne. Wayar lantarki da bututun ruwa a tsara hanyarsu tun a zane, domin in mai wayarin ya zo daga baya da guduma da kurfi yana sassaƙa bangon da ba za a shafe ba, tabon ya zauna ke nan.

Abu ɗaya da nake yawan tararwa idan aka kira ni duba tsohon gida shi ne filastar siminti a kan bangon tubali. Daga nesa gidan ya yi tsaf. Sai ka ƙwanƙwasa da mukulli ka ji yana amsawa kamar fanko. Ka ɓamɓare tafin hannu ɗaya, ka tarar ƙasar bayansa jiƙe take, tana manne wa yatsa, gara ta yi hanyoyi a ciki. Siminti ba ya motsi tare da ƙasa, sai ya yi siririyar tsaga, ruwa ya shiga ta nan, ya rasa ta inda zai fita. Mai gida yana ganin ya kare bangonsa, alhali ya rufe idonsa ne daga ganin yana ruɓewa. Bulon da aka matse da kyau ba ya buƙatar filasta. A gyara tsakanin layuka da kyau a bar jan launinsa, shi ne ma kyan da ya burge ka. A ciki in uwargida tana son fari, a yi shafe mai laushi na ƙasa da yashi da siminti kaɗan, a bi da farar ƙasa ko fentin ruwa, ban da fentin mai.

Rufin da na fi natsuwa da shi mai hawa biyu ne, irin wanda Francis Kéré ya yi wa makarantar firamare ta ƙauyensu Gando a Burkina Faso a 2001, mutumin da ya ci Pritzker, babbar kyautar masu zanen gine-gine ta duniya, a 2022. A ƙasa akwai rufi mai nauyi, a samansa kwano a ɗage kan ƙarafa, iska tana wucewa a tsakani. Kwanon ya zama laima kawai: ya tare rana, ya tare ruwa, leɓensa ya fito santimita 60 zuwa mita 1 ya kare bango. Na ƙasan zai iya zama dekin, ko baka na bulon ƙasa irin wanda aka riƙa koya wa magina a Nijar tun shekarun 1980 don a rage sare itatuwa, sai dai shi yana ƙayyade faɗin ɗaki zuwa mita 3 da ɗan kai. In aljihu bai kai ba, silin na yau da kullum da abin tare zafi a kansa, da kafofin iska a bangon sama masu raga saboda jemage da tsuntsaye, ya fi babu nesa ba kusa ba. Kwano ya zama fari ko mai haske. Baƙi da shuɗi mai duhu da ake yayi yanzu zafi suke tarawa. Kuma a ɗaure shi da ƙarfe cikin linta, domin iskar farkon damina ba ta raina rufi mai dogon leɓe. Azara kuwa ta yi wuya, giginya tana shekaru da yawa kafin ta isa sara. In kana sha'awarta a falon baƙi, nemi ta tsohon gida da aka rushe.

Abin da ginin ƙasa ba zai yi maka ba

A ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, kafin ruwa ya sauka, dare ma ba ya hucewa sosai, kuma bango mai kauri zai riƙa sakin zafin da ya tara. Kakanninmu a wannan lokacin tsakar gida ko saman soro suke kwana. Don haka a zana baranda mai raga da za a iya shimfiɗa a ciki, a sa fanka mai aiki da sola, a yi ƙananan kafofi kusa da silin don iska mai zafi ta fita. Taga mai buɗewa gaba ɗaya ta fi mai zamewa, wadda rabi kawai take bayarwa. Sannan gidan yana son a san yadda ake zama da shi: a rufe tagogi da hantsi, a buɗe bayan isha. Za ka ji bambanci ƙwarai da rana, janareta zai huta, amma ba sanyin na'ura za ka samu ba.

Batun kuɗi, bango wani yanki ne kawai na gida. Tushe, rufi, ƙofofi, tagogi, waya da famfo duk farashinsu ɗaya ko da me ka yi bango. Za ka rage siminti da filasta da fenti, amma za ka ƙara a kaurin bango da ladan magini mai hannu, domin bangon da ba za a shafe ba ba ya ɓoye kuskure. Idan ƙasa mai kyau tana kusa, za a sami ragi. Idan sai an ɗauko ta daga nesa, tifa za ta cinye shi. Ribar ta fi fitowa a man janareta na shekaru. Ka kuma sani cewa ran da za ka sayar, akwai masu saye da za su yi tunani irin na yayanka. Zanen kuma ya bi ta hannun injiniyan da zai lissafa nauyi ya sa hannu, a kai hukumar tsara birane ta jihar Kano, KNUPDA, a sami izini, musamman in kana da niyyar ɗora bene nan gaba.

Ban ga filinka ba, ban taɓa ƙasarsa ba, saboda haka adadin siminti da tsayin tushe sai wanda ya je wurin ya tabbatar. Abin da zan ce ka yi shi ne ka fara da katanga da ɗakin maigadi da bulon jar ƙasa, da magini da injin da kake son ɗauka, a yi wa katangar hular kankare a sama. A nan za ka gane hannun maginin da halin ƙasar, ka san ainihin kuɗin bulo ɗaya, uwargida da yaya kuma su zo su shiga ɗakin da azahar a watan Afrilu. In damina ta wuce gindin bangon gabas bai zaizaye ba, sai a haƙa tushen babban gida.